Mota Da Iyali: Kafin Ka Bari A Cire Bawul Ɗin Birkin Baya Na Akori-Kura

A 'yan makonnin nan tambaya ɗaya ta yi ta maimaituwa a ƙasan shafin nan, kuma duk daga masu tsofaffin akori-kura take fitowa. Mutum ya kai motarsa gareji saboda fedar birki tana nutsewa, ko saboda wutar ABS ta ƙi mutuwa a dashbod. Bakanike ya leƙa ƙasan mota ya ce ai ga mai kawo fitinar nan, wani bawul ne a kan layin birkin baya, a cire shi a haɗa fayif kai tsaye kowa ya huta. Shin a yarda ko kar a yarda?

Amsar a taƙaice ita ce ana iya cire shi kuma mota ta ci gaba da tsayawa. Sai dai aikin da bawul ɗin yake yi ba ya ɓacewa don an cire shi. Aikin yana komawa kan ƙafar direba ne, kuma yawancin direbobi ba a gaya musu an ɗora musu wannan nauyi ba. Saboda haka a yau za mu duba me ya sa aka saka shi, me ke lalata shi, da abin da ya kamata a yi idan cirewar ta zama dole.

Me ya sa aka saka shi tun farko?

Akori-kura mota ce mai hali biyu. Yau ta ɗauko buhunan masara har sifirin ya kwanta, gobe ta dawo ba komai a bayanta sai igiya da tamfol. Masu ƙera ta dole su ba tayoyin baya birkin da zai iya tsayar da ita ranar da take da kaya. To amma ranar da ba kaya, wannan birkin ya fi ƙarfin tayoyin.

Ga dalili. Duk lokacin da aka taka birki, nauyin mota yana zubowa gaba, shi ya sa kake ganin hancin mota ya duƙa, bayanta ya ɗaga. Taya kuwa ba ta kama ƙasa sai gwargwadon nauyin da ke danne da ita. Idan bayan mota fayau yake, ga birki ya ƙara kwashe ɗan nauyin da ya rage, sai tayoyin baya su cije su daina juyawa tun na gaba ba su gama aikinsu ba.

Cijewar tayoyin gaba da ta na baya ba ɗaya ba ce. Idan na gaba suka cije, sitiyari ya daina jin magana, amma motar tana zamewa ne sambal inda ta dosa. Idan na baya suka riga cijewa, babu abin da ke riƙe wutsiyar mota a kan layi. Ɗan karkacewar hanya ko ɗan murɗa sitiyari ya isa ya sa bayan ya zagayo yana neman ya wuce gaba. Daga nan mota ta gicciye a titi, kuma mota mai tsayi irin akori-kura idan ta gicciye da gudu, wuntsilawa ba ta da nisa.

Wannan matsala ce ta sa kamfanonin Amurka suka fito da birkin hana cijewa na tayoyin baya kaɗai. Ford ya fara saka shi a manyan akori-kurarsa na F-150 da danginta a 1987, ya kira shi RABS. Chevrolet da GMC suka biyo baya a 1988, sannan Dodge, su kuma suna kiransa RWAL. Kamfanin Kelsey-Hayes ne ya yi fice wajen ƙera shi. Cikakken ABS mai kula da tayoyi huɗu ya riga shi fitowa, don Mercedes ya saka na Bosch a motarsa tun 1978, amma a lokacin yana da tsada, sai aka zaɓi magance haɗarin da ya fi muni a akori-kura da kuɗi kaɗan. Irin waɗannan motoci na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990 su ne suka shigo mana a tokumbo ta Kwatano da Legas, kuma har yanzu wasunsu suna jigilar kayan gona da na gini.

Yadda yake aiki

Abubuwa uku ne. Na farko sansa mai ƙirga gudun tayoyin baya. A Ford tana kan tukunyar bakasil, tana karanta haƙoran wani zobe da ke juyawa a ciki. A Chevrolet kuwa a wutsiyar giyabos ake ɗaukar gudun. Na biyu 'yar ƙwaƙwalwa mai karɓar wannan lissafi. Na uku shi ne bawul ɗin da ake magana, wanda man birkin baya ke ratsawa ta cikinsa. A Ford yana manne a jikin shasi ta ɓangaren direba, a Chevrolet kuma yana cikin bonet kusa da masta.

A cikin bawul ɗin akwai ƙofofi biyu masu aiki da wuta, da wani ɗan rumbu mai sifirin. Ƙofa ta farko kullum a buɗe take, mai yana wucewa zuwa baya. Ta biyu kullum a rufe take. Idan ƙwaƙwalwa ta ga tayoyin baya suna rage gudu da saurin da ya nuna za su cije, sai ta rufe ƙofar farko don kar ƙarin matsi ya tafi. Idan hakan bai wadatar ba, sai ta riƙa buɗe ta biyu kaɗan-kaɗan, wani man ya zube cikin rumbun, takalman birki su sassauta, taya ta ci gaba da juyawa. Da direba ya ɗaga ƙafa, sifirin ya turo man ya koma.

A lura da abu biyu. Wannan tsari ba ruwansa da tayoyin gaba, suna iya cijewa kamar na kowace tsohuwar mota. Aikinsa kawai ya hana wutsiya zagayowa. Sannan idan wutarsa ta lalace, ƙofar farko tana nan a buɗe, ta biyu a rufe, wato birki ya koma irin na da. Don haka wutar ABS da ta kama a dashbod ba tana nufin ba birki ba ne. Tana nufin mai gadin wutsiyar ya tafi hutu.

Abin da ke sa a tsane shi

Babbar cutarsa datti ce. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska, ko da kuwa ba a buɗe murfi ba. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa ma'aunin yana saukowa wajen digiri 140. Ruwan nan kuma shi ke haifar da tsatsa a cikin layi. Motar da ta shekara talatin, wadda ake ta ƙara mata mai ba a taɓa zubar da tsohon ba, ba abin mamaki ba ne a tarar da man ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Ɗan ƙwayar tsatsa ɗaya idan ta maƙale a bakin ƙofa ta biyu, sai ta kasa rufewa ruf. Kana taka birki mai yana sulalewa cikin rumbu, feda tana tafiya ƙasa sannu a hankali, alhali ba ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa. Wannan alama daidai take da ta masta da ya mutu. Shi ya sa za ka ji an canja masta sau biyu, an cire iska sau biyar, feda tana nan tana nutsewa. A irin wannan hali bakaniken da ya nuna bawul ɗin da yatsa yana da gaskiya.

Amma sau da yawa bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, laifin na maƙwabta ne. Sansar tana da maganaɗisu, tana tara garin ƙarfe a bakinta har ta rikice, ta riƙa shaida wa ƙwaƙwalwa cewa taya ta cije alhali mota tana tafiyar hawainiya. Direba sai ya ji birki ya sake shi daidai lokacin da zai tsaya. Waya tana iya tsinkewa a ƙarƙashin mota, fiyus yana iya ƙonewa, kuma ko raguwar mai a kofin masta yana iya kunna wutar. Duk waɗannan gyaran kuɗi kaɗan ne. Cire bawul saboda sansa ta yi datti, gyaran gangar Auzinawa ne.

Tambayoyin da za ka yi a gareji

Ba sai ka iya riƙe sufana ba kafin ka kare motarka. Ka tsaya a wurin ka nemi a yi waɗannan a gabanka.

A fara duba takalman birkin baya da durom da 'yan silindar da ke cikin taya. Takalmin da ya cinye ko wanda bai samu saiti ba yana sa feda ta yi nisa. Wanda man giya ya jiƙa kuma yana fizgar taya ya cije ta farat ɗaya.

A zare sansa a goge ta, a bi wayarta, a duba fiyus. Waɗannan motoci suna iya faɗin ciwonsu da kansu ta hanyar ƙyaftawar wutar dashbod, ana ƙirga ƙyaftawar a san lambar matsalar. Mai rewaya da ya san aikinsa zai iya fitar da ita.

Idan feda ce ke nutsewa, a kwance layin baya daga jikin masta a toshe bakin da noti na ɗan lokaci, mota tana tsaye, a taka. Idan feda ta tsaya ƙyam, masta ba shi da laifi, matsalar tana can gaba a layin baya. Idan kuma ba a ga yoyo ko'ina a layin ba, to zargi ya tabbata a kan bawul.

Idan ya tabbata, zaɓi na farko shi ne a nemi wani. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ana iya dacewa da na Beljiyam. A tafi da tsohon a hannu, don ba duka ne iri ɗaya ba. Kuma kafin a ɗaura shi a wanke layin gaba ɗaya da sabon mai, in ba haka ba dattin da ya kashe na farko zai kashe na biyu.

Idan cirewa ta zama dole

Akwai lokacin da za a nema a rasa, ga mota ita ce abincin gida. A nan gaskiya ɗaya ce: bawul mai sulalar da mai ya fi rashinsa haɗari, domin shi yana iya hana ka birkin baya ɗungurungum. To idan za a cire, a cire shi da ƙa'ida.

Da farko, a haɗa bakin fayif biyun da mahaɗin birki na ainihi mai zare, kuma a naɗe bakin fayif ɗin ninki biyu da na'urar da aka yi don haka. Kada ka yarda da mahaɗin masu aikin famfo da ake matsewa da zobe. Kada ka yarda da tiyon roba da kilif, ko fayif ɗin jan ƙarfe na firij, ko walda. Idan aka taka birki da ƙarfi, matsin da ke cikin layin nan yana haura ba 70, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba 2 da ɗoriya. Haɗin da bai inganta ba zai yi maka wata shida lafiya, ya fashe ranar da yaro ya tsallako titi, domin ranar ce kaɗai ka taka da dukkan ƙarfinka.

Na biyu, a duba sauran fayif ɗin. A jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin yana cin ƙarfen ƙasan mota. Idan an murɗa noti fayif ya murɗe tare da shi, a canja tsawon gaba ɗaya. Sabon kuma a ɗaure shi a jikin shasi, nesa da salansa, kada a bar shi yana lilo.

Na uku, kada a taɓa sansa da wayarta. A manyan akori-kurar Ford na 1992 zuwa 1996, sansar da ke kan bakasil ita ce ke ba agogon gudu labari, kuma a masu giyar otomatik da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa, canjin giya ma ya dogara da wannan lissafi. Wanda ya yanke ta da sunan ya gama da ABS, zai wayi gari agogo ya mutu, giya tana duka.

Na huɗu, a tambayi bakanike ko motar tana da bawul mai rage matsin baya. Wannan wani abu ne daban, ba ya aiki da wuta, aikinsa ya hana birkin baya samun cikakken matsi idan an taka da ƙarfi. Idan akwai shi, a bar shi a inda yake. Idan babu, akwai wanda ake sayarwa mai saiti da hannu, ana ɗaura shi a gurbin wanda aka cire.

Na biyar, a cire iska daga layin da sabon mai na gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a fara da tayar da ta fi nisa da masta. Sannan a gwada motar ba kaya, a fili ko burjin da ba kowa, da gudun kilomita 20 zuwa 30. Wani ya tsaya can gefe nesa yana kallon tayoyi. Idan na baya suna riga na gaba cijewa, aiki bai ƙare ba.

Akwai kuma wata mummunar dabara da ake yi, a toshe layin baya gaba ɗaya ko a matse fayif ɗin da filaya, a ce ai birkin gaba ya isa. Bai isa ba. Mota mai kaya idan ta kama gangara irin ta Hawan Kibo da birkin gaba kaɗai, takalman za su yi zafi, mai ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba ta tarar da komai ba.

Masu Hilux fa?

Na san da yawa daga masu karatu ba Ford ko Chevrolet gare su ba, tsohuwar Hilux ce ko L200. Yawancin waɗannan wata dabara aka yi musu don magance wannan matsala ɗaya. Akwai bawul a shasi kusa da bakasil, da wani siririn ƙarfe da ya haɗa shi da bakasil ɗin. Idan an yi lodi mota ta zauna, ƙarfen ya tura bawul ya ƙara wa baya birki. Idan an sauke kaya mota ta ɗaga, ya rage. Ba wuta, ba sansa.

Shi ma ana yawan cire shi, ko a ɗaure ƙarfen da waya a sama. Yin haka daidai yake da gaya wa mota kullum tana ɗauke da cikakken lodi. Haka nan wanda ya ƙara ganyen sifirin don ɗaukar kaya ya canja tsayin motar, sai bawul ya ɗauka ba kaya alhali an cika ta, ya hana baya birkin da take bukata. Duk wanda ya ƙara sifirin, ya sa a sake saita wannan ƙarfe.

Abin da ya rage wa direba da mutanen gida

Motar da aka cire wa bawul ta koma irin motocin kafin 1987, sai a tuƙa ta da irin hankalin direbobin wancan zamani. Lokacin da ta fi haɗari shi ne lokacin da ba ta da kaya, wato a hanyar dawowa, sa'ilin da direba ya sauke lodi yana jin mota ta yi sakayau yana son ya taka ta. Sai ruwan farko na damina, da ke tayar da maiƙo da ƙura a kan kwalta. Sai yashin da iska ke shimfiɗawa a kan kwana. A rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. A riƙa taka birki a hankali ana ƙarawa, kuma idan aka ji baya ya fara zamewa, a ɗan sassauta ƙafa taya ta koma juyawa. A tuna kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. Tayoyi masu kyau kada a tara su a gaba a bar wa baya sanƙo.

Sannan duk wanda zai karɓi makullin motar yana da haƙƙin ya sani. Akori-kurar gida ba mutum ɗaya ke tuƙa ta ba. Ɗa yana ɗauka ya kai taki gona, ƙane yana ara ya kwaso kayan ɗaki, maƙwabci yana roƙa ranar biki. Wanda ya saba da ƙaramar mota mai cikakken ABS ya saba da danna birki iya ƙarfinsa mota ta gyara sauran. Idan ya yi haka a wannan, ba mai gyara masa. Kada kuma a cire ƙwan wutar dashbod don a ɓoye wa mai saye. Sayar da mota a haka ba tare da bayani ba ha'inci ne, kuma abin da aka ɓoye ɗin rai ne ke kansa.

Uwargida, ke ma kina da ta cewa. Idan kika ji maigida yana cewa an cire wani abu a birki mota ta yi daidai, ki tambaye shi me aka cire, da me aka haɗa, an gwada ta ba kaya? Ki kuma tsaya kai da fata kada a zuba yara a bodin baya. Nauyinsu bai kai ya danne tayoyin ba, kuma idan wutsiya ta zagayo su ne ba su da abin kamawa.

Mafi sauƙin komai shi ne a zubar da man birki a zuba sabo duk shekara biyu. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, kuma shi ne ke hana bawul ɗin mutuwa tun farko. Rigakafi ya fi magani.

Masu irin waɗannan motoci, da 'yan'uwa bakanikai da ke bibiyar wannan fili, ku rubuto mana a ƙasa: wace iri ce motar, ta wace shekara, kuma a ina kuka samu bawul ɗin idan kun dace? Wani zai amfana. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu.